Amsa kan zawon maraƙi ɗan kwana goma

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce maraƙinka ɗan kwana goma yana zawo ruwa-ruwa mai launin ɗorawa, ka yi masa allurar Terramycin sau biyu bai tsaya ba. Allah ya ba shi lafiya. Ni ma na ɗanɗana wannan a garkena da ke hanyar Shika, da damina. Sai da na rasa maruƙa biyu kafin na gane bakin zaren.

Ka fara duba kwanakinsa. Zawo tsakanin sati ɗaya zuwa uku sau da yawa aikin wata ƙwaya ce, kiriftosforidiyom, wadda allurar nan ba ta taɓa ta. In ya haura sati uku, kana ganin jini da majina a kashin, yana ta yunƙuri wutsiya a ɗage, to a fi zargin wata ƙwayar, koksidiya, ita ce ake ba wa maganin Amprolium. Akwai kuma doguwar tsutsar ciki da yake sha ta nonon uwa. Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa nake roƙonka ka ɗebi sabon kashin a leda mai tsabta ka kai asibitin dabbobi na ABU da ke Samaru a duba.

Amma kafin nan, ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe su. Nawa na farko, idanunsa suka faɗa, na ja fatar wuyansa ta tsaya cak ba ta koma ba, bakinsa ya yi sanyi. Ni kuwa na hana shi nono, wai don cikinsa ya huta. Har yau abin na damuna. Kada ka raba shi da uwarsa. Tsakanin shan nono ka ba shi ruwan ORS, kamar lita 2 safe da yamma, kaɗan-kaɗan kada ya shaƙe. In za ka haɗa da kanka, gulukos za ka sa da gishiri, domin cikin maraƙi ba ya narkar da sukarin shayi.

Sannan ka cire shi daga dangwali ɗaya da sauran, ka mai da su busasshen wuri da rana ke duka. Ƙwan kiriftosforidiyom yana daɗewa a danshi, ko bilic ba ya kashe shi. Waɗanda za a haifa nan gaba kuma su ƙoshi da dakashi cikin awa 6 na farko.

Ka kula da yaran gida, kiriftosforidiyom tana kama mutum. Duk wanda ya taɓa maraƙin ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.