Ku Tambayi Kawu: An kama ƙanena a wurin taron da bai sani ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da aiki. Ni matar aure ce nan Maradi, unguwar Zariya. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, shekarunshi 22, ranar Litinin ya ɗauko fasinja zai sauke ta wajen kasuwa sai ya tarar da 'yan tebur sun taru suna ƙorafi kan rumfunansu da aka ce za a tayar, kafin ya juya babur an harbo barkonon tsohuwa kowa ya yi ta kanshi, shi kuma aka damƙe shi tare da wasu aka jefa bayan mota. Kwana uku muna yawo ofishi ofishi kafin mu gano inda yake, da na kai mishi fura na ga ido ɗaya a kumbure ko hannu bai iya ɗagawa, sun karɓe waya da babur ɗin da ba nashi ba ma, na ubangidanshi ne. Wani maƙwabci ya ɗauki bidiyo lokacin da ake bugunshi da kulki, samarin unguwa sun ce mu saka a Facebook duniya ta gani, inna kuma ta ce a bar ma Allah. Kawu mi za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, sannunku, Allah Ya fiddo shi lafiya, ki gaishe min da inna. Bari in fara da bidiyon nan don shi ya fi tada min hankali. Kar ku saka shi Facebook, kar ku tura shi gurup ɗin WhatsApp na unguwa, amma kuma kar ku goge shi. Ki sa a kwafe shi a waya biyu ko a kati, a ajiye wajen wani babba da kuka amince da shi. Ba tsoro nike koya muku ba, doka ce ta canza. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 an sassauta ta a 2022, sai a watan Yunin 2024 aka sake maido da ɗauri, yanzu yaɗa abin da aka ce yana iya dagula zaman lafiyar jama'a yana kai mutum kaso shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 na sefa, kuma a wannan laifin ba a tsaya tambayar ko abin da ka yaɗa gaskiya ne ba. Samarin da ke zuga ku yau, ranar da aka zo ɗaukar mai bidiyon ba za ki ga ko ɗaya ba a ƙofar gida, daga ɗaya a tsare ku koma biyu.

Bidiyo a hannun lauya kuma wani abu ne daban. Ki tuna Afrilun 2017 a Yamai, lokacin da aka tarwatsa ɗaliban jami'a har ɗalibi Mala Bagale ya rasa ransa, an ga hoton wasu 'yan sanda suna jibgar wani ɗalibi a bayan mota, kuma a ƙarshe kotu ta ɗaure uku daga cikinsu shekara guda guda. Na sani wancan hoton yaɗuwa ya yi kafin a kai ga kotu, amma lokacin dokar intanet ɗin nan ba ta zo ba.

Sai maganar kwanaki. Tsarewar bincike, wadda suke kira gardabi, awa 48 ce a laifi na yau da kullum, ana iya ƙara wata 48 amma sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati, daga nan ko a kai mutum gabanshi ko a sallame shi. Ki ƙirga daga Litinin da kanki. Idan kwana huɗu sun wuce yana nan zaune to ku tafi kotu ofishin mai shigar da ƙara, da takarda a rubuce: sunanshi, ranar da aka kama shi, wajen ƙarfe nawa, a ina, wa ya gani. Fasinjar da ya ɗauko ita ce babbar shaidarku in za a same ta. Kuma yana da haƙƙin lauya tun daga lokacin kamu, wannan ƙa'idar UEMOA ce, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta 2014 wadda ta shafi Nijar, ba alfarma ba ce. In babu kuɗin lauya ku tambayi ofishin ANAJJ a kotu, hukumar da aka kafa don taimakon marasa hali wajen shari'a, ko ku nemi 'yan ANDDH masu kare haƙƙin ɗan adam.

Abin da mutanenmu suka fi sakaci da shi shi ne likita. Kumburi kwana nawa yake yi? Sati biyu ya saɓe, sai a ce faɗuwa ya yi da babur, dama ɗan kabu-kabu ne wa zai musa. Ku roƙi likita ya duba shi tun yana ciki, in an hana to ranar da ya fito kar ya biya gida ma, asibiti tukuna, a rubuta takardar shaida da kwanan wata da hatimi, a ɗauki hoton ido da hannun. Tun 2020 azabtarwa laifi ce a dokar ƙasar nan, kaki bai wanke ta. Ki kuma gaya mishi kar ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta mishi da Hausa ba. Babur kuwa ubangidan ya zo da takardunshi da kanshi, kuma duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce a kawo jikka kaza zai "gyara magana", ku ce mishi a ba ku rasit, za ki ga ya tuna yana da wani uzuri.

Inna ba ta yi kuskure ba da ta ce a bar ma Allah, sai dai ko raƙumi an ce ka ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. Ba zan ce miki lallai za a hukunta wanda ya buge shi ba, sau da yawa ba a yi. Abin da na fi so yanzu shi ne yaron ya fito ba tare da an liƙa mishi laifin tada tarzoma ba.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, gardama muke a ɗaki, wai yanzu zanga-zanga haramun ce gaba ɗaya a Nijar?

AMSA: Ɗana, a takarda a'a. Dokar 2004 kan jerin gwano a titi cewa ta yi a sanar da magajin gari aƙalla kwana 5 kafin ranar, sanarwa ce ba neman izini ba, amma ta ba hukuma damar hanawa in ta ce akwai barazana ga tsaro, kuma ta wannan ƙofar ake bi tun ba yau ba, sau tari ana gobe taro takardar hani ke fitowa. A Maris 2018 haka aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula su Nouhou Arzika da Ali Idrissa da Moussa Tchangari kan adawa da dokar kasafin kuɗi, lokacin farar hula ke mulki fa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an jingine kundin tsarin mulkin 2010, a Maris 2025 an rusa jam'iyyu, Tchangari kuma an sake kama shi a Disamban 2024. Gangamin goyon bayan sojojin da ke mulki dai kun gani da idonku ba a hana shi.

Ku ɗalibai kun fi kowa sanin tsadar abin, duk 9 ga Fabrairu kuna tuna 'yan'uwanku uku da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990. In ƙungiyarku za ta fita, ta kai sanarwa a rubuce ta karɓi shaidar ajiyewa, in an hana akwai ƙofar kotu, lauya ya shigar da ƙarar gaggawa. Kai kuma ka riƙe katin ɗalibinka a aljihu, ka haddace lambar mutum ɗaya na gida, don waya ita ake fara karɓewa.