Katin kyamarar tsaro ya ƙi aiki a Ubuntu: katin ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa a Kano, kuma shekaru da dama ke nan da aka sa mini kyamarori huɗu. Wayoyinsu duk suna shiga wani kati ne da ke cikin tsohuwar kwamfuta mai Windows 7. Kwanan baya Windows ɗin ya lalace, ƙanena ya sa mini Ubuntu, ya ce ya fi ƙarko kuma kyauta ne. To amma faifan CD da ya zo da katin ya ƙi buɗewa, kyamarorin kuma ko ɗaya ba ta nuna komai. Katin ne ya mutu, ko Ubuntu ba ya karɓar irinsa? In sayi sabo ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Kada ka yi saurin fitar da kuɗi tukuna. Da wuya a ce katin ya mutu, tunda yana aiki har ranar da Windows ya lalace. Ƙanenka kuma bai yi kuskure ba, domin tun Janairun 2020 Microsoft ta daina gyara ɓarakar Windows 7, kuma kwamfutar da ke gadin dukiya bai kamata a bar ta haka a buɗe ba.

Shi wancan CD ka ajiye shi gefe, don Windows kaɗai aka yi shi. A Linux, wanda Ubuntu reshensa ne, 'yar manhajar da ke magana da kati, wadda masu gyara ke kira direba, tana zuwa ne tare da tsarin tun daga farko, ba a faifai ba. Kuma Linux bai damu da sunan da aka buga a kwalin katin ba. Abin da yake dubawa shi ne IC ɗin da ke kan katin, wato baƙin abin nan mai kusurwa huɗu da ƙafafu birjik. Kamfanoni barkatai sun yi ta sayen IC iri ɗaya suna ɗorawa a kati suna liƙa sunansu, shi ya sa neman direba da sunan kwali ke ɓata wa mutane kwanaki a banza.

Saboda haka aikin farko shi ne sanin IC. Ƙanenka ya buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta lspci -nn. A cikin layukan da za su fito ya nemi mai ɗauke da kalmar Multimedia. Idan ya ga Brooktree Bt878 da lamba 109e:036e, to ka yi sa'a. Wannan IC ɗin, wanda wani lokaci za ka ga an rubuta Conexant Fusion 878A a jikinsa, shi ne ya cika katunan tsaro masu araha na wancan zamani, kuma direbansa mai suna bttv yana cikin Linux tun shekarun 1990. Idan Techwell ya gani, mai lambar da ta fara da 1797, shi ma da sauƙi: jerin TW6800 suna da direba tw68 da ya shiga Linux a 2014, jerin TW686x kuma nasu ya shiga a 2016. Philips SAA7134 ma yana da nasa. Idan babu layin ko kaɗan, a kashe kwamfutar, a zare katin, a goge haƙoransa, a hure ƙurar ramin da yake shiga, a mayar. Ƙurar hunturun Kano kaɗai ta isa ta hana kati haɗuwa da raminsa.

Inda mafi yawan mutane ke karaya shi ne nan gaba. Sai ka ga Linux ya gane IC, har ya buɗe masa ƙofa mai suna /dev/video0, amma hoto ya ƙi fitowa, ko kyamara ɗaya ta nuna sauran ukun shiru. Dalili kuwa, katunan Bt878 masu araha ba a sa musu ɗan ma'ajin da ke faɗa wa kwamfuta sunan kati ba, don a rage kuɗin ƙira. Direba ya san IC ɗin, amma bai san yadda aka ja wayoyi daga bakunan da ake jona wayoyin kyamara zuwa ƙafafunsa ba, kuma kowane kamfani da yadda ya ja nasa. Dole kai ne za ka gaya masa. Idan aka rubuta sudo dmesg | grep bttv aka ga UNKNOWN/GENERIC, to wannan ce matsalar.

Maganin layi ɗaya ne. A ƙirƙiri fayil /etc/modprobe.d/bttv.conf a rubuta a ciki: options bttv card=77 tuner=4, sannan a sake kunna kwamfutar. Lamba 77 ita ce ta fi dacewa da katunan nan masu IC ɗaya da baki huɗu, ita kuma tuner=4 tana nufin katin ba shi da na'urar kama tashar talabijin, kada direba ya tsaya nema. Idan 77 ba ta yi ba, jerin bttv yana da nau'in kati sama da 150. Misali, katin GeoVision GV-600 lambarsa 150 ce. Kati mai IC da yawa kuwa, kowane IC sai an rubuta masa lamba, a raba da waƙafi. Aikin gwaji ne, yana son haƙuri, amma lambar da ba daidai ba ba ta cika jawo komai ba illa rashin hoto.

Kafin a sa babbar manhaja, a gwada da ƙarama. A saka ƙananan manhajojin gwaji v4l-utils da qv4l2, a buɗe qv4l2 a zaɓi baki ɗaya bayan ɗaya. Shuɗin allo yana nufin katin lafiya lau, hoto ne ba ya iso masa, sai a duba waya da cajar kyamarar mai bolt 12, wadda ita ce ta fi saurin mutuwa a duk kayan. Hoto baƙi da fari ko mai birgima kuwa, galibi an bar saitin tsarin hoto a NTSC ne maimakon PAL, alhali kyamarorin da ake sayarwa a kasuwanninmu yawanci PAL ne.

Akwai abin da nake so ka sani tun yanzu, don kada ka zargi Ubuntu da laifin da ba nasa ba. Ka ƙirga manyan IC da ke kan katinka. IC ɗaya na Bt878 kyamara ɗaya tak yake iya kallo a lokaci guda, hoto 25 a sakan. Idan kyamara huɗu ke kansa, zagayawa yake yi: ya leƙa wannan, ya koma waccan. A lissafi kowace za ta samu shida da ɗoriya, amma duk sauyi sai ya ɗan jira hoton ya daidaita, sai ka ƙare da biyu ko uku a sakan. A Windows ma haka yake yi, ba a dai gaya maka ba ne. Don ganin wanda ya shigo da wanda ya fita, wannan ya isa. Amma hannun da ya zari turmin atamfa ya cusa a riga, yana iya faɗawa tsakanin hoto da hoto. Kati mai IC huɗu ba shi da wannan matsalar, kowace kyamara da nata.

Manhajar da za ta maye gurbin ta CD ita ce ZoneMinder, kyauta ce, ta haura shekara ashirin ana amfani da ita, kuma ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ake kallonta, har daga wayar hannu idan an haɗa. A wajen ƙara kyamara a zaɓi Local, a sa /dev/video0, lambar baki daga 0 zuwa 3, da PAL. Abu biyu ke yawan tuntuɓe da mutane. Na farko, sai an sa www-data, wato sunan da manhajar ke aiki da shi a Ubuntu, cikin rukunin video, in ba haka ba manhajar ba ta da izinin taɓa katin. Na biyu, idan hoton wata kyamara yana kutsawa cikin na wata, a shiga saitin ZoneMinder a kashe V4L_MULTI_BUFFER a mayar da CAPTURES_PER_FRAME zuwa 2. Tsarin Modect yana ɗauka ne kawai idan an yi motsi, yana rage cin wuri, amma a shago mai cinkoso na fi son a ɗauka ba tsayawa da rana. Idan ZoneMinder ya yi wa tsohuwar kwamfutar nauyi, akwai Motion, wadda ta fi shi sauƙin ɗauka.

Kada a manta da zafi da wuta. Bt878 yana ɗaukar zafi sosai. Na taɓa bin wani kati kwana biyu ina canza lambobi, hoto na daskarewa kullum bayan azahar, ashe zafin watan Afrilu ne. Da aka liƙa wa IC ɗin ɗan ƙarfen sanyaya aka sa fanka, magana ta ƙare. A sa kwamfutar da kyamarorin duka a kan inbata ko UPS, kuma a shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa lokacin tayar da kwamfuta, a sa ta riƙa kunna kanta idan wuta ta dawo, domin da dare babu mai danna maɓalli.

To yaushe zan ce ka haƙura da katin? Idan lspci ya nuna IC da ba shi da direba a Linux. Wasu katunan manyan kamfanoni, masu matse bidiyo da kansu, da manhajar kamfaninsu kaɗai suke aiki, kuma babu dabarar da za ta sa su buɗe /dev/video0. Haka kuma idan kana shirin sauya kyamarori zuwa na zamani, AHD ko TVI ko CVI. Suna amfani da waya da baki iri ɗaya da tsofaffin, amma tsohon kati ba ya fahimtar hotonsu sai an mayar da su tsarin CVBS, wato tsarin tsofaffin kyamarori, kuma da zarar an yi haka kyawun hoton da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Sabbin kwamfutoci ma yawanci sun daina zuwa da tsohon ramin PCI da irin waɗannan katunan ke shiga. A irin wannan hali ba na ba ka shawarar sayen wani katin. Ka sayi akwatin DVR, wato na'urar ajiye hoton kyamarori, mai baki huɗu da ke fitar da hoto ta RTSP, hanyar aika bidiyo zuwa wata na'ura, ka haɗa shi da kwamfutar ta kebul ɗin network, ZoneMinder ya riƙa ajiye kwafi na biyu. A ɓoye kwamfutar a wani wuri daban, domin ɓarawon da ya san kan abin, akwatin yake fara ɗauka.

A yanzu dai ƙanenka ya turo mini layin da lspci ya nuna, da adadin manyan IC da ke kan katin, sai in faɗa muku lambar da za ku fara gwadawa. Allah ya tsare dukiya, ya sa albarka a kasuwa.