Tambaya da Amsa: Na ce "venligst", ta ɗaure fuska

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon harshen Danish a birnin Aarhus na ƙasar Danmak. Rannan na ce wa abokiyar aikina "Giv mig venligst nøglen", wato ta miƙo mini makulli, sai ta ɗaure fuska. Tun daga ranar nake shakkar buɗe baki, kada a ɗauke ni marar tarbiyya. Me na yi?

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Laifin na waɗanda suka koya miki ne cewa "venligst" ita ce "don Allah". Kullum sai na ci karo da wannan ɓarna. Wani ya yi wata biyu a Kopenhagen, ya buɗe shafi a YouTube, ya kwafo jeri daga ƙamus, shi ke nan ya zama malami. Ina suka taɓa jin ɗan Danmak yana faɗa wa abokinsa "venligst" a wurin shan kofi? Gidan wannan kalma shi ne allon sanarwa da wasiƙun hukuma, irin waɗanda ƙaramar hukuma ke turo miki ta Digital Post, akwatin saƙon hukuma na intanet, tana neman ki cike takarda kafin wa'adi. Ki haɗa ta da umarni irin "giv mig" a baki, abin da mai sauraro zai ji shi ne: na gaji da ke, yi abin da na ce. Ke kina nufin ladabi, ita ta ji tsawar ofis.

Kalmar da ke ɗauke da nauyin "don Allah" ita ce "tak", wato "na gode". A shago ki ce "En kaffe, tak", wato kofi ɗaya, na gode, ya wadatar. Wurin aiki kuma ki mayar da buƙatar tambaya: "Vil du lige give mig nøglen?", wato ko za ki ɗan miƙo mini makullin? Wannan ƙaramar "lige" tana sassauta magana sosai. In kina son wani abu, ki ce "Jeg vil gerne have...", wato zan so in sami...

'Yan Danmak kuwa ba sa gajiya da "tak". Bayan cin abinci a gidan mutum, "tak for mad", wato na gode da abinci, wajibi ne, za a amsa miki "velbekomme", wato ya amfane ki. In kun sake haɗuwa bayan wata walima, "tak for sidst", kamar yadda muke yi wa juna ban gajiya.

Ki kula da "ellers tak". Duk da akwai godiya a ciki, ma'anarta a'a ce. In kin miƙa wa baƙuwa shayi ta faɗi haka, kada ki zuba mata.