Abin da ya sa ake raba talotalo tun ɗaki bai cika ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka lura masu kiwon talotalo suna da wata al'ada: su zuba 'yan tsaki a ɗaki, kafin wata biyu su raba su gida biyu alhali ga fili nan, kana tambaya ko ba asarar wuri ba ce kawai aka gada ido rufe.

Ba ido rufe aka gaje ta ba. Kai kawuna kake ƙirgawa, su kuwa nauyi suke dubawa. Ɗan tsakon da kake riƙewa a tafin hannu yau, in namiji ne daga irin da ake kiwo don nama, yana iya kaiwa kilo 20 cikin mako 20. Shi ya sa a manyan gonaki da kilo ake auna cunkoso. A ƙasar Ostiriya ta Turai doka ta tsayar da kilo 40 a murabba'in mita ɗaya. A Jamus yarjejeniyar masu kiwo ta bari har 52 ga mata, 58 ga maza, wato kusan ƙarti uku a wurin da bai fi mita ɗaya tsawo da faɗi ba. Ni dai a ganina wannan ya yi yawa, ko da fankoki na aiki dare da rana.

Daga ƙasa ɓarnar take farawa. In tsuntsaye sun yi yawa, kashi yakan fi ƙarfin dusar katakon da aka shimfiɗa, ta jiƙe ta dunƙule. Kama ɗaya ka juya ƙafarsa: tafin da ya kamata ya zama sumul za ka tarar ya yi baƙi, ya tsage, wani har da gyambo. Ƙafa na ciwo sai ya yawaita kwanciya, ƙirji ya yi ta gugar danshi har ya ɗuri ruwa, kuma naman ƙirjin nan shi ne kuɗin. Warin da ke sa ka hawaye in ka shiga da safe, iskar ammoniya ce. Kai tsaye kake, minti biyar ka fita. Su hancinsu na kusa da ƙasa, kwana suke suna shaƙa, huhu ya raunana, mura ta samu ƙofa.

Ga zafi kuma. Talotalo ba ya zufa, haki yake yi ya saki fukafukai, to ina zai sake su in an matse shi? Maza in sun fara tasawa sai saran juna a kai, mai rauni ba shi da wurin gudu, ba ya ma isa mazubin abinci. Cutar nan da ke cin hanta, kashi ya koma rawaya, saurin yaɗuwa take yi inda suke kwance jiki da jiki.

Don haka ka yi lissafin ɗakinka da nauyin ranar sayarwa, ka ware maza da mata da wuri. Duk mako ka damƙi dusar: in ta dunƙule a hannunka ta ƙi wargajewa, ka canza ta, ka rage tsuntsaye. Ka gaida mahaifiyarka.