Tambaya da Amsa: Yini Guda na Zaga Birnin Alƙahira da Abokan Karatu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, kuma tun zuwana ban san ko'ina ba sai hanyar masauki da ta makaranta. Mun yi shawara da abokan karatuna mu ware rana guda bayan jarrabawa domin mu zaga gari, amma kanmu ya rabu. Wasu dalar Giza suke son gani, wasu tsofaffin masallatai, wani kuma ya dage sai an haɗa duka a yini ɗaya. Akwai kuma ɗaya a cikinmu wanda abin hannunsa bai taka kara ya karya ba, kuma na lura yana jin nauyin faɗa. Yaya za mu tsara ranar ba tare da an ɓata wa kowa rai ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin wannan niyya taku, domin abin takaici ne mutum ya shafe shekaru a birni irin Alƙahira ya dawo bai taka wuraren da yake karanta labarinsu a littafi ba.

Abokinka da ke son a haɗa duka, a lallashe shi ya haƙura, don taura biyu ba ta taunuwa. Giza tana yammacin kogin Nilu, tsohon gari kuma yana gabas, kuma duk wanda ya san cunkoson motocin Alƙahira ya san cewa zirga-zirga tsakaninsu kaɗai za ta cinye muku sa'o'in da ya kamata ku yi kuna kallo. Babbar dalar Fir'auna Khufu, wadda aka gina kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, kuma tsayinta na asali ya kai mita 146, ta cancanci a ba ta ranarta daban, a yi mata sammako kafin rana ta take, tunda babu inuwar kirki a filin. Ku yi wa masu son ta alkawarin fita ta biyu, ku kuma sa ranar tun yanzu domin su san ba a yi watsi da ra'ayinsu ba.

A wannan fita ta farko, shawarata ita ce ku zaɓi tsohon gari, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, kuma ku zaga shi da ƙafa. Ku fara da safe daga ƙofar Babul Futuh, wadda aka gina a 1087, ku leƙa masallacin Alhakim da ke jikinta, sannan ku gangara kudu ta titin Almu'izz. Tsawon titin bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma daulolin da suka mulki Masar ɗaya bayan ɗaya, tun daga daular Fatimiyawa, kowace ta bar gininta a gefensa. Inda nake so ku fi daɗewa shi ne ginin Sarki Ƙalawun na shekarar 1285, wanda ya haɗa makaranta da kabarin sarkin da kuma asibiti a harabar guda. Ku zauna ku dubi aikin dutse da rubutun da ke bangon, ku tuna cewa fiye da shekaru 700 da suka wuce an tanadi wurin jinyar marasa lafiya dab da wurin karatu, kuma dukiyar waƙafi ce ke ɗaukar nauyinsu. Ɗalibin da ya tsaya ya fahimci wannan ya fi wanda ya ratsa wurare goma yana ɗaukar hoto ƙaruwa.

Daga nan kasuwar Khan Alkhalili ba nisa, sai ku ratsa ta ku yi sallar azahar a masallacin Azhar, wanda Fatimiyawa suka aza harsashinsa a 970. Ko da a jami'ar kuke karatu, shiga masallacin da idon mai ziyara daban yake da shigarsa da gaggawar mai neman darasi. Bayan kun ci abinci kun huta, ku ƙarasa ƙofar Bab Zuwaila ta 1092, wadda hasumiyoyin masallacin Almu'ayyad ke tsaye a kanta, kuma ana hawa a hango rufin tsohon gari gaba ɗaya. Idan da sauran ƙarfi, ku ɗauki mota zuwa masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356 da makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata. Idan kuwa an gaji, a bar shi sai wani jiƙon.

Maganar abokinku mai ƙaramin ƙarfi ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, kuma na yaba da ka lura da shi. Wannan tsari da na zayyana yana rage masa nauyi tun daga tushe, saboda yawancinsa tafiyar ƙafa ce, masallatan da ake salla a cikinsu kamar Azhar da Alhakim kuma ba a biyan kuɗin shiga. Wuraren da ake sayen tikiti suna yi wa ɗalibai rangwame, saboda haka kowa ya riƙo katin shaidarsa na ɗalibi. Kafin ranar, ku zauna ku yanke abin da kowa zai bayar, ku tsayar da shi daidai ƙarfin mafi rauni a cikinku ba tare da an ambaci sunan kowa ba, ku damƙa wa mutum ɗaya ya riƙa biyan kuɗin mota da tikiti da abinci daga ciki. Wanda Allah ya hore wa yana iya ƙara wani abu a asirce ta hannun mai riƙon kuɗin. Ta haka babu wanda zai tsaya a bakin ƙofa yana cewa shi ba ya sha'awar shiga, alhali kowa ya san dalili. A kasuwa ma ku taƙaita tsayawa, domin a nan ne bambancin aljihu ya fi fitowa fili.

Game da zaɓen rana, safiyar Juma'a tituna sun fi sauƙi, sai dai masallatai kan cika tun kafin huɗuba, ba za ku samu damar dubawa a natse ba, don haka Asabar ko wata rana cikin mako ta fi dacewa da wannan tsari. Kowa ya riƙe takardar izinin zamansa ko kwafinta, ya sa takalmin da zai iya yini a cikinsa, ya kuma ɗauki ruwa. Kada ku ɗauki hoton jami'an tsaro ko gine-ginensu, kuma ku nemi izinin mutum kafin ku ɗauke shi. Ku kuma ajiye magana a kan wurin haɗuwa, kamar ƙofar masallacin Azhar, ko da wani zai ɓace wa 'yan'uwansa a cikin lungunan kasuwa. Idan kun dawo, ka rubuto mana yadda ta kaya, sai mu duba tsarin fitar Giza. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.