Tambaya da Amsa: GIF ɗina ya ƙi motsi a Tkinter

Tambaya: Salam Malam, daga Anguwar Rogo nake a Jos. Na saka GIF a Tkinter, wato kayan aikin Python na gina tagar manhaja, amma wallahi ya tsaya cak kamar hoton fasfo, ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai GIF mai motsi jerin hotuna ne, shi kuma PhotoImage, wanda ke loda hoto a Tkinter, hoton farko kawai yake ɗauka, sauran kai za ka jawo su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta format="gif -index 0", sai 1, sai 2, har ya ba ka saƙon kuskure na TclError, sun ƙare kenan. Ka tara su a list, in ba haka ba Python zai share su ka ga fili wayam. Sai after(), mai kiran aiki bayan ɗan lokaci, ya riƙa canza su duk milisakan 100, amma dan Allah banda sleep, mai dakatar da manhaja, don tagar manhajar daskarewa za ta yi.