Zauren Prince Hall na Boston: Me Ya Haɗa Baƙaƙen Fatan Amurka da Masoniyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karanta tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fata a Amurka, sai na ga ana cewa manyansu da dama, har da alƙali Thurgood Marshall, 'yan Masoniyya ne na ɓangaren Prince Hall. Mu nan abin da muka sani shi ne Masoniyya ƙungiyar asiri ce. Mene ne asalin wannan zaure nasu, yaya ake tafiyar da shi, kuma wane amfani ya yi wa jama'arsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka karanta gaskiya ne. Marshall, wanda ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka a 1967, ɗan wannan ɓangare ne. Amma abin da ya ja irinsa ciki ba zai fito fili ba sai an koma Boston ta ƙarni na 18, lokacin da baƙar fata ko da ɗa ne ba bawa ba, ba shi da makaranta, ba shi da inda zai tara 'yan'uwansa su yi shawara.

Prince Hall baduku ne, yana sana'ar fata a Boston. Ranar 6 ga Maris, 1775, shi da wasu baƙaƙen fata 14 suka shiga Masoniyya ta hannun wani zauren sojojin Birtaniya mai lamba 441, wanda lasisinsa daga Ailan ya fito. Da sojojin suka bar garin, sai suka bar musu ɗan guntun izini: su riƙa taro, su yi jerin gwano ranar bikinsu ta shekara, su binne mamatansu bisa al'adar ƙungiya. Ba su da ikon shigar da sabon mutum. Zauren da ba ya shigar da sabon mutum kuwa, in dattawansa suka mutu shi ma ya mutu.

Shi ya sa Hall ya rubuta wa uwar ƙungiya da ke Landan. Aka sa hannu a lasisinsu ranar 29 ga Satumba, 1784, da sunan African Lodge mai lamba 459, amma takardar ba ta iso Boston ba sai a 1787. Wannan takarda ita ce komai a tsarin Masoniyya. Dole tana cikin ɗaki kafin a buɗe zama, kuma da ita ake gane zauren halas da na bogi. A 1797 aka buɗe wasu zauruka biyu daga jikin na Boston, ɗaya a Filadelfiya ƙarƙashin malamin coci Absalom Jones, ɗaya a Providence. Hall ya rasu a Disamba 1807.

Daga nan matsala ta taso. A 1813 manyan ƙungiyoyin Masoniyya biyu na Ingila suka haɗe, suka sake jerin sunaye, African Lodge ya faɗi daga rajista, domin an daɗe wasiƙa da kuɗin gudummawa ba sa gudana tsakaninsu. Turawan Masoniyyar Amurka suka samu abin da suke nema. Suka ce jiha ɗaya uwar ƙungiya ɗaya take ɗauka, suka kuma fake da tsohon sharaɗin cewa sai wanda aka haifa ɗa ake karɓa. A ganina hujjojin nan riga ce kawai aka sa wa wariyar launin fata. A 1827 mutanen Boston suka shelanta cewa sun tsaya da ƙafarsu, ba sa ƙarƙashin kowa. Sai a 1989 uwar ƙungiyar Turawa ta jihar Connecticut ta amince da takwararta ta Prince Hall, Landan kuma ta amince da ta Massachusetts a 1994.

Yadda ake tafiyar da zaure ba shi da wuyar fahimta. Akwai shugaba da ake zaɓa, yawanci duk shekara, da mataimaka biyu, babba da ƙarami, sai ma'aji, magatakarda, da mai tsaron ƙofa wanda ke zama a waje riƙe da takobi. Mai son shiga shi ke rubuta takardar neman shiga, wasu 'yan zauren su tsaya masa. A naɗa kwamiti, galibi mutum uku, su je gidansa, su binciki sana'arsa da halinsa. Sannan a kaɗa ƙuri'a a ɓoye cikin akwati: farin ƙwallo na nufin a karɓa, baƙi na nufin a ƙi. A yawancin zaurukan Amurka baƙi ɗaya ya isa ya rufe wa mutum ƙofa, kuma ba a tambayar wanda ya jefa. In ya tsallake, zai bi matakai uku: ɗan koyo, abokin aiki, sannan gwani. Kowane mataki yana da rantsuwa, da kalmomin ganewa, da irin musafiharsa, da karatun da ake haddacewa. Waɗannan su ne sirrin da ake magana. Kayan alamarsu na magina ne, kamfas da sukwaya da farin bante na fatar ɗan rago da ake ɗaurawa a ƙugu. Sharaɗi ne mutum ya yarda akwai Mahalicci, kuma maza kaɗai ake shigarwa. Mata suna da tasu ƙungiyar a gefe, wadda ake kira Eastern Star.

Amfanin da ya yi wa jama'a kuwa, ba daga musafiha ko rantsuwa ya fito ba. Daga akwatin ma'aji da littafin magatakarda ya fito. Kowane ɗan zaure yana biyan kuɗin shiga da kuɗin ƙa'ida a kai a kai. Da wannan kuɗi ake duba mara lafiya, a yi wa mamaci jana'iza ta mutunci, a tallafi matarsa da marayunsa. A zamanin da kamfanonin inshora na Turawa ko dai ba sa karɓar baƙar fata ko kuma su tsawwala masa kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya san yadda adashi ke tsayar da gidan da maigidan ya kwanta ciwo zai gane shi nan take. Bambancin shi ne wannan yana da rajista, da binciken kuɗi, da dokar dakatar da wanda ya daina biya.

Na biyu, zauren ya zama makarantar koyon shugabanci. Mutumin da doka ta hana shi zaɓe a gari, a cikin zaure yana zaɓe, ana zaɓensa, yana jagorantar zama, yana rubuta bayanin taro, yana tsara takardar koke. Hall kansa ya nuna hanyar. A 1777 yana cikin waɗanda suka kai wa majalisar Massachusetts koken a soke bauta. A 1787 ya kai koken a ba 'ya'yan baƙaƙe ilimi, tunda iyayensu na biyan haraji; majalisa ta yi biris, daga baya jama'ar suka buɗe makarantarsu a cikin gida. A 1788 aka yaudari wasu baƙaƙe uku aka shigar da su jirgin ruwa don a sayar da su a tsibiran Karibiyan. Hall da mutanensa suka kai koke, wasu malaman coci suka kai nasu, a watan Maris na shekarar jihar ta haramta cinikin bayi, mutanen ukun kuma aka dawo da su gida.

Na uku, gini. A jihohin kudu, inda mai gida Bature zai iya korar ɗan haya don ya shiga fafutuka, ginin Masoniyyar baƙaƙe mallakinsu ne. A birnin Jackson na Mississippi, ofishin ɗan gwagwarmaya Medgar Evers na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a cikin irin wannan gini yake, kuma da aka harbe shi a 1963 a nan aka yi taron jana'izarsa. A shekarun 1950 zaurukan Prince Hall sun riƙa tara kuɗi suna bai wa lauyoyin NAACP da Marshall ke jagoranta, waɗanda suka ci shari'ar haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Kuɗin shiga da na ƙa'ida sun sa zauren ya fi zama na masu abin hannu, malamai da 'yan kasuwa da masu sana'a, talaka tilis yana waje. Rigimar shugabanci ta sha raba su, har aka samu ƙungiyoyi masu amfani da sunan amma ba su da lasisin da ke komawa ga lamba 459. Mafi munin misali a kusa da mu yake. A Laberiya, inda baƙaƙen fatan da suka zo daga Amurka suka kafa uwar ƙungiyarsu a 1867, Masoniyya ta zama kamar ɗakin raba muƙamai na 'yan tsirarun da ke mulki, 'yan ƙasa na ainihi suna kallo. Da Samuel Doe ya yi juyin mulki a 1980, ya haramta ta. Tsarin da ya kare waɗanda ake zalunta a Boston, shi ne ya zama katanga ga masu mulki a Monrobiya.

Sauran batun addini da doka, tunda na ga shi ne a ƙasan tambayarka. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta yi zama a Makka a 1978 ta yanke cewa shiga Masoniyya haramun ne ga Musulmi. Cocin Katolika ta hana mabiyanta tun 1738, ta sake jaddada hanin a 1983. A Najeriya, sashe na 38(4) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba. Sanin tarihin Prince Hall bai canza ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce ba.

Ka kuma yi hattara da saƙonnin Facebook da WhatsApp masu hoton kamfas da sukwaya, suna cewa ka tura kuɗin fom ka shiga ka yi arziki. Babu zauren da ke da lasisi da ke ɗaukar mutum ta waya, kuma a can ɗan zaure shi ke biya duk shekara, ba a biyansa. Masu turo irin wannan saƙo 'yan damfara ne.